Gidan Malam Ya Fito Ja

Masu karatu, yau asirin kaina zan tona, sai ku yi min a hankali. Kwana tara cur na yi ina ɓoye wa mutumin da zan aura magana. Ina yi masa dariya a waya, ina tura masa hoton zuciya, alhali tuwo ma ba ya wuce min wuya. Ni Hansatu, wadda duk Safana an san ba ta iya riƙe magana daga ɗaki zuwa zaure. To na riƙe wannan, kuma na ji a jikina.

Sai na faɗa muku aikina kafin ku gane. Wata ƙungiya ce ta ɗauke mu, ni da ƙawata Godiya 'yar Tsaskiya, ta ba mu ɗaki ɗaya mai sola da kwamfuta biyu. Tauraron ɗan'adam yana ɗauko hoton ƙasarmu daga sama, Safana da Batsari da ƙauyukansu, rani da damina, na shekaru da yawa. Mu kuma mu zauna muna nuna wa na'ura: nan ruwa ne, nan fadama ce, nan dutse, nan kuma rufin kwano ne yake ƙyalli. Mun yi haka sau dubbai, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya baƙi da wasali, har ta fara ganewa da kanta. Sai ta haɗa da tudu da kwarin ƙasa da yawan ruwan shekarun baya, ta fitar da taswira. Inda ta shafa kore, yi gininka ka yi barci. Inda ta shafa ja, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ta nan zai bi.

Inna ba ta taɓa gane aikin nan ba. In mata suka tambaye ta sai ta ce, "Duba take yi, amma na Turawa."

Shi kuwa Malam Musbahu malamin firamare ne a Batsari. Su mutanen Ruma ne, 'yan bindiga suka matsa musu suka dawo cikin gari. Dogo ne, ba ya son hayaniya, in ya yi murmushi sai ka rantse bai taɓa ganin wahala ba. Injiniya yake ce min don tsokana. Sau biyu ana ɗaga bikinmu: na farko lokacin da suka taso daga Ruma, na biyu da aka cire tallafin mai komai ya tashi sama, siminti ya zama abin kallo daga nesa. Da ya ga haka sai ya sayi fili a gefen gari bayan an gama kaka, ya tuɓe rigar koyarwa, ya shiga kwaɓa ƙasa yana buga bulo da hannunsa. Duk Asabar da Lahadi da hutun makaranta yana can. Ranar da ya zo zance na ga tafin hannunsa ya yi kanta, sai da na shiga ɗaki na share hawaye. Ina son mutumin nan, ba zan ɓoye muku ba.

Aka sa rana ta uku, saura sati shida.

Ranar wata Alhamis sabuwar taswirar Batsari ta fito. Don iyayi, na ce bari in leƙa gidana daga sama, tunda ya taɓa turo min alamar wurin a waya. Na danna, na matso da hoton, na ƙara matsowa. Jajawur! Ba gefen ja ba, tsakiyarsa.

"Godiya, zo ki gani. Kwamfutar nan ta samu matsala."

Ta turo kujerarta tana cin gyaɗa. Ta duba, ta dube ni, ta daina tauna.

"Gidan Malam ne?"

"Gidan Malam ne."

"Kira shi."

"In ce masa me? Wata biyar yana cin ƙasa, in ce ya yi a banza?"

"Ki ce masa abin da kike ce wa mutanen da ba ki sani ba. Makon jiya ke ce kika tsaya gaban mai unguwa kina cewa kada a yi gini a ja."

Na harare ta. Abin haushi da Godiya shi ne ba ta mantuwa.

Na koma gida da niyyar in fara gaya wa Inna. Na same ta a tsakar gida ta baje kayan ɗakina a kan tabarma biyu: kuloli masu ruwan zuma, tukwane jere daga babba zuwa ƙarama, zannuwan gado uku, labule mai ruwan toka da ta yi shekara biyu tana ɓoyo a ƙasan akwati. Tana goge kowanne da gefen zani kamar jariri.

"Inna, wai in da za a ƙara ɗan lokaci..."

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Hansatu, kin ga bakin nan nawa? Ya gaji da ba mata amsa. Gidan suna a tambaye ni, gidan biki a tambaye ni, har wurin gaisuwar mutuwa sai da aka ja ni gefe. Sa'anninki suna kai yara makaranta, ke kina duba sama. In aka ɗaga bikin nan sau uku, ki nemi wata uwar."

"Wasa nake yi, Inna."

"Kada ki ƙara irinsa."

Na haɗiye maganata da ruwan randa.

Lokacin hutun makaranta ne, kullum da yamma sai saƙonsa ya shigo. Hoton katanga, da rubutu a ƙasa.

"Injiniya, yau an kai taga."

"Masha Allah, Malam. Sannu da ƙoƙari."

"Nan za ki ajiye kwamfutarki. Na bar miki wurin da iska take shigowa."

Na tura masa zuciya uku, na kifa wayar, na danna fuskata cikin filo. Ku faɗa min, da ku ne ya za ku yi? Na sani, na sani, za ku ce da kun faɗa. Kowa jarumi ne a labarin wani.

Ranar Laraba Godiya ta shigo ofis da sauri, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Kin tuna kashin shanun Zakka?"

Na miƙe tsaye. Yadda abin yake, a wajenmu manomi yakan roƙi makiyayi ya zauna masa a gona da rani, shanu su kwana a wurin su bar masa taki. Inda suka kwana ƙasar takan yi baƙi, daga sama sai ka ga zagaye-zagaye masu duhu. Na'urarmu da ba ta taɓa jin warin garke ba sai ta ɗauka laima ce. Haka ta shafa wa gonaki huɗu ja a ƙauyen Zakka, muka hau babur muka je muka tarar tudu ne ƙeƙasasshe, sai busasshen kashin shanu. Mun sha dariya ranar, muka dawo muka gyara mata karatu.

Muka buɗe tsofaffin hotunan filin Malam. Rani bayan rani, ga baƙaƙen zagaye nan kamar an ajiye faifai.

Wallahi sai da na taka rawa. Na rungume Godiya har gyaɗarta ta zube.

"Kuskure ne! Taki ne! Allah Ya yi wa shanu albarka!"

"A je a gani dai," in ji ta. "Ido ya fi hoto."

Dama ranar Asabar Gwaggo Indo za ta je awon ɗaki. Gwaggo Indo ƙanwar Baba ce, a Batsari ta yi aure, can take zaune tun rasuwar mijinta tana sana'ar daddawa. A gidanta Malam ya fara ganina. Ina ƙaunarta, amma daga nesa. Mace ce da take gama sallama bayan ta riga ta buɗe tukunyarka. Ta san abin da kowane gida ya dafa a unguwarsu, da wanda bai dafa ba, da dalili. Na san amarya ba ta bin masu awon ɗaki, amma na ce wa Inna aiki ne zai kai ni.

Na sa atamfata koriya shar, da gangan, na yafa farin mayafi, na fesa ɗan turaren da nake tattali. Muka matsu mu bakwai a motar da aka yi don mutum huɗu, wata mata ta ɗora min kaza a cinya har Batsari.

Gwaggo na ganina ta riƙe haɓa.

"Oh ni Indo! Amarya da kanta? 'Yan zamani ba kunya. To taho, ki riƙe mani bakin igiya."

Filin yana can inda gidaje suka ƙare. Yashi ne fari mai laushi, ƙafa tana nutsewa. Ga gini nan ya tashi, ɗaki biyu da falo, saura kaɗan a kai rufi. Malam yana kan tsani da tsohuwar riga, laka har gira. Da ya gan ni ya kusa faɗowa.

"Injiniya! Da kin faɗa ai da na yi wanka."

Gwaggo ta shige ciki tana ja da igiya, tana ƙulla ƙulli a tsawon gado, wani a faɗin taga, tana faɗa da bango wai falon ya yi wa kujeru kaɗan. Ni kuma na zagaya baya. Ga ƙasa nan baƙa, ga busasshen kashin shanu ko'ina. Na tsuguna na ɗauki guda ina murmushi kamar na tsinci zinari.

"Ɗiyata, lafiya kike yi wa kashin nagge dariya?"

Wani dattijon Bafillace ne zaune a gindin gawo, da malafa da sanda, shanu uku suna kiwo kusa da shi. Na jefar da abin, na goge hannu, na durƙusa.

"Baffa, ina wuni? Ina gajiya? Ya iyali, ya dabbobi?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi. Dabbobi ga abin da aka bar mani nan. Armaya'u sunana."

Na yi masa jaje, sannan na tambaye shi ko ya san wanda yake zama da garke a nan.

"Ni ne. Rani goma sha ɗaya na yi a wurin nan."

Daɗi ya kama ni. Da na yi shiru a nan na tashi, da na koma gida da farin cikina. Amma bakin nan nawa da aiki ya saba wa tambaya sai ya ƙara ɗaya.

"Da damina fa, Baffa?"

Ya yi dariya har malafarsa ta karkace.

"Damina? Wa zai zauna nan da damina? Ki tona yashin nan kamu biyu, ruwa za ki iske, shi ya sa nike son wurin da rani. Amma da hadari ya fara haɗuwa a gabas ba ni ƙara kwana. Kin ga duwatsun can? Duk ruwansu ta nan yake sauka. Ba kowace shekara yake yin yawa ba. Shekarar da ya yi, na bar turaku a nan, na dawo ban iske ko igiya ba."

Wato taki gaskiya ne, ruwa ma gaskiya ne. Na'urar ba ta yi kuskure ba wannan karon.

"Baffa, me ya hana ka gaya wa mai ginin?"

Ya gyara zaman malafarsa.

"Ba a tambaye ni ba. Kuma yanzu in irina ya matso kusa da gidan mutum, wani kallo ake yi mai. Na ga yaron kirki ne, kullum sai ya ɗaga mani hannu. Na yi ta cewa gobe zan faɗa."

Ni da na yi kwana tara ina cewa gobe, da wane baki zan ga laifinsa?

Na sami Malam yana wanke hannu a bokiti. Na buɗe taswirar a wayata na miƙa masa, na faɗa masa komai a tsaye, ban tsallake ko ɗaya ba: jan, da takin, da maganar Baffa Armaya'u.

Ya kalli wayar, ya kalli duwatsun, ya kalli yashin da yake tsaye a kai. Mutumin Ruma ne, ya san ƙasar Ruma kamar tafin hannunsa, amma wannan filin da rani ya gan shi, da rani ya saya.

"Tun yaushe kika sani?"

"Kwana tara."

"Kwana tara." Ya nuna saman katangar. "Kin ga layi huɗun can na sama? A kwana taran nan na aza su. Kullum ina turo miki hoto, kina ce min sannu da ƙoƙari."

"Tsoro na ji, Malam. Na ji tsoron a sake ɗagawa. Na ji tsoron ka ce na raina wahalarka."

"Da ruwa ya same mu a ciki fa?"

Ya miƙo min wayata da hannu biyu, kamar yadda ake miƙa wa baƙo, wannan ya fi min zafi fiye da a ce tsawa ya yi. Na juya sai ga Gwaggo a bakin ƙofa da igiyarta mai ƙulli-ƙulli. Ta ji komai. Tun da nake ban taɓa ganin bakinta a rufe ba sai ranar.

A gida Inna ta yi faɗa, ta yi kuka, ta mayar da kuloli cikin kwali da ƙarfi har ɗaya ta fashe a murfi. Baba ya bari sai da ta gama, sannan ya ce, "Yarinya ta yi daidai. Ta dai makara." Ban san ko yabo ba ne ko faɗa, na karɓa duka biyu.

Lahadi ba saƙo. Litinin ba saƙo. Na tura "Ina kwana, Malam," ya nuna ya karanta, shiru. Na duba wayata har Godiya ta ƙwace ta saka a jakarta, ta ce in yi aikin da ake biyana. Muka zauna muka sake bin duk wuraren da muka goge wa ja saboda taki, ɗaya bayan ɗaya, don kada mu ma mu yi wa wani irin wannan. Muka rubuta a shirin mako cewa za mu koma wurin Baffa Armaya'u da taswira, ya nuna mana sauran hanyoyin ruwan da ya sani.

Ranar Talata bayan azahar jakar Godiya ta yi ƙara. Na yi tsalle na tsallake kujera.

Hoto ne. Katangar ta sauko rabi. An jera bulo a kan amalanke, kuma wanda yake riƙe da igiyar bijimin da zai ja, Baffa Armaya'u ne da malafarsa. Sai rubutu ya biyo.

"Injiniya, da laka na haɗa su, suna ɓanɓaruwa lafiya. Kaɗan ne suka fashe."

Na fara kuka ina dariya. Wani saƙon ya shigo.

"Na yi fushi, yanzu na gama. Na samu wani filin. Mai shi ta ce kyauta ta ba 'yarta. Abokan aikina sun ce za su taya ni, ɗaki ɗaya zai tashi kafin ranar, sauran mu ƙarasa muna ciki. Ba za a ɗaga ba. Ga alamar wurin, ki duba min kafin in aza ko bulo ɗaya. Kuma yau nake son amsa, ba bayan kwana tara ba."

Nan take na saka alamar a kwamfuta. Kore! Kore shar kamar atamfata, a kan tudu, ko ruwan shekara goma aka haɗa ba zai hau can ba. Na yi guɗa a ofis, mai shagon kusa ya leƙo.

Sai na matso da hoton don in ga unguwar da zan zauna. Ga wata bishiyar dalbejiya. Ga wani rufin kwano da aka danne da tsohuwar taya. Ga tsakar gida da baƙaƙen tabarmi a shanye, irin na masu daddawa. Na san tayar nan. Na san dalbejiyar nan, a gindinta Malam ya fara ce min sannu.

Kangon da yake jikin gidan Gwaggo Indo ne. Katanga ɗaya.

Godiya ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa don dariya.

"Ce masa ja ne! Wallahi ba zan tona ba!"

Masu karatu, ba zan yi muku ƙarya ba, sai da na yi tunanin. Na hango kaina ina soya albasa, murya tana tsallako katanga tana cewa man ya yi yawa. Na hango Malam ya dawo da leda, ana tambayarsa me ke ciki tun bai cire takalmi ba. Na kuma tuna matar da ta tsaya da igiya a hannu ta yi shiru, ta koma gida ta ba da abin da take da shi.

Na ɗauki wayar na rubuta: "Kore ne, Malam. Ka aza."

Ko minti ɗaya ba a yi ba saƙon murya ya shigo, daga lambarsa, amma ba muryarsa ba.

"Hansatu, ni ce. Na ce ma yaron nan kada ya wahal da kanshi da katanga tsakaninmu, 'yar ƙofa za a bari. Na ma auna faɗinta da igiya."